Yaɓen Rufewa

A gidanmu na Ibohaman, hatsi ba ya shiga rufewa sai an duba jikinta. Ana kwaɓa laka da ramno, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta jiƙa, sannan a bi duk inda damina ta zaizaye a yaɓe da hannu. In ka matso kusa za ka ga sawun yatsun mai yaɓen, har ka gane inda ya gaji ya fara sauri. Baƙo in ya shigo, yaɓen bana kawai yake gani, sai ya yaba wa wanda ya yi shi kamar shi ya gina rufewar. Bara ruwa ya ɓare gefen gabas, inda iska ke bugu, na tsaya ina kallon launi uku a jere: jar laka a waje, wata mai toka-toka a ƙarƙashinta, can ciki kuma baƙar laka mai tauri wadda kakanmu ya ɗora, ita ce ke riƙe da nauyin hatsin duka.

Wannan ɓarewar ce ta faɗo mini a rai ranar da ɗan yayata ya zo hutu daga jami'ar Tawa, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani. Ya ɗau azamar sanin tarihin Adar ta wayarsa, yana sayen kuɗin intanet da abin da ya rage na abincinsa. Da dare ya ce mini, "Kawu, ashe da Agabba ƙasarmu ta fara?"

Ban ga laifinsa ba. Abin da waya ke fara miƙo maka shi ne yaɓen ƙarshe, hannun waɗanda suka riƙe alƙalami. Faransawa sun shigo wajen 1900, sun gwabza da Kel Geres a Galma a 1901, sun yanka ƙasa kanto-kanto, sun ba Amattaza na Lisawan sarautar Keita. Su suka rubuta rahotanni, rahotannin kuma su aka fi ɗauka hoto aka zuba a intanet. A cikinsu mai sarauta yana da suna da shekara, manomi kuwa adadi ne a takardar haraji. In yaro ya ɗan kankare wannan, sai ya tarar da Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, daga baya ya dawo ya zauna a Birnin Adar, zuriyarsa ta riƙe sarautar da ke Illela. Nan ma akwai shekaru, don fadar Agadas tana da malamai masu rubutu.

To, wa Agabba ya tarar? Azna ya tarar, masu ƙasa, waɗanda suka sari dajin nan suka ƙulla amana da duwatsunsa da tafkunansa. Har akwai waɗanda ake kira Aznan ramu, da aka ce sun fi kowa daɗewa. Su ba su bar takarda ba. Abin da suka bari yana cikin sunan fadama, da kirarin dangi, da sanin wanda ke fara shuka a gari, da bukin arwa irin wanda har gobe ake yi a Masalata kusa da Birnin Ƙwanni. Kuma abin da ya fi ba ni sha'awa, wanda na so yaron ya riƙe, shi ne yawancin masu zuwa da takobi ba su tuɓe su gaba ɗaya ba. Baƙo ya riƙe mulkin mutane, yana karɓar damin gero, mai ƙasa ya riƙe sha'anin ƙasa. Zaman ba na daɗi ba ne kullum. An yi hari, an kama bayi, garuruwa da dama a yankin Keita jikokin waɗanda aka mallaka ne, maganar da har yau ake yinta ƙasa-ƙasa. Amma an yi auratayya, an yi wasan dangi, Buzu ya koyi Hausa har ta zama harshen gidansa.

Haƙƙin intanet kuwa dole a ba ta. Ta wayar nan yaron ya san cewa a 1975 Djibo Hamani ya fitar da littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, a shekarar kuma Nicole Echard ta fitar da nata kan tarihin manoman Adar, dukansu sun zauna da tsofaffi sun saurara. Ta nan ya ji labarin littafin Benedetta Rossi na 2015, wanda ya bi sawun bauta da aikin ƙarfi a Keita har zuwa aikin raya ƙasar da aka fara a 1984, lokacin da iyayenmu mata suka yi ta jidon duwatsu. Ni a shekarunsa sai na je Yamai kafin in ga bangon irin waɗannan littattafai. Abin da ke ci mini rai, maganar da tsofaffinmu suka faɗa da Hausa tana dawo wa jikokinsu da Faransanci da Ingilishi, sai wanda ya yi lakwal mai zurfi ke iya buɗe ta.

Na kai shi bayan rufewa da tocila na nuna masa wurin da ya ɓare. Ya sa farce zai ƙara ɓamɓarowa don ya ga ta ciki sosai, na riƙe hannunsa, don in ka cire ta waje ruwa zai cinye ta cikin a damina ɗaya.

Da safe ya kai wayarsa caji wajen mai sola, ya dawo ya durƙusa gaban kakarsa tana tankaɗe. Ya ce, "Inna, fadamar da muke albasa, wa ya fara sare ta?" Ta dube shi, ta dubi wayar, ta ce ya ajiye ta kan turmi inda za ta ji da kyau. Ta fara da kirarin dangin uwarta, ta ambaci sunan wani tsauni da su suka sauko daga kansa, sunan da ya yi wata biyu yana bincike bai taɓa cin karo da shi ba. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ba ta daina tankaɗen ba.