DashCon: Taron Masoya Anime Da Finafinai Da Ya Zama Abin Dariya A Intanet

Idan kana yawan leƙa shafukan masoya anime, wato katun ɗin ƙasar Japan irin su Naruto da One Piece, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wani hoto ba: ɗan ƙaramin kududdufin roba irin na yara, cike da ƙwallaye kala-kala, an ajiye shi a tsakiyar wani makeken zaure da babu kowa. Duk sanda aka sanar da sabon taron masoya, mutane suka fara shakkar masu shirya shi, sai ka ga an sake ɗora wannan hoto. Asalinsa daga DashCon ne, taron da aka yi a Amurka a shekarar 2014. A yau za mu duba abin da ya faru a wurin, musamman ɓangaren da ya shafe mu masu harkar fasaha, domin a intanet aka haifi taron, da kuɗin intanet aka raine shi, kuma a intanet ɗin ne mutuncinsa ya zube.

Daga ina aka faro?

Tumblr shafi ne na rubuce-rubuce da hotuna wanda a wancan lokaci ya zama matattarar matasa masoya anime da wasannin talabijin irin su Doctor Who da Sherlock da Supernatural. Wasu daga cikinsu suka ga ya kamata a haɗu ido da ido. Da farko sun sa wa taron suna Tumbl-Con USA, daga baya suka sauya, saboda kamfanin Tumblr ba shi da hannu a ciki. Sun fara tara kuɗi a Indiegogo, dandalin da jama'a ke yin karo-karo don ɗaukar nauyin wani aiki, inda suka samu kimanin dala 4,000.

Da wannan ɗan jari suka kama otal ɗin Renaissance da ke Schaumburg, kusa da birnin Shikago, har kwana uku, daga 11 zuwa 13 ga Yulin 2014. Tikitin kwana ukun dala 65 ne. Sun yi hasashen mutum 3,000 zuwa 7,000 za su zo. Ko a ƙiyasin da ya fi yi musu adalci, waɗanda suka halarta ba su wuce 1,500 ba.

Daren dala 17,000

Tun a daren farko, ranar Juma'a, masu shirya taron suka tara mahalarta a zaure suka shaida musu cewa otal na neman dala 17,000 kafin ƙarfe goma na dare, in ba haka ba za a rufe taron. Har suka nuna cewa wai ma'aikatan otal ɗin ne ba sa ƙaunar irin mutanen da suka zo. Nan take aka fara zagayawa da jaka ana zuba kuɗi, waɗanda ke gida kuma suna turowa ta PayPal. Galibin mahalartan matasa ne, wasu ma ba su kai shekara ashirin ba. Suna waƙe-waƙe suna ƙarfafa wa juna gwiwa, har kuɗin suka haɗu a daren.

A nan shakku ya fara. Masu bibiyar lamarin daga nesa suka shiga tambaya: ta yaya babban otal zai tashi rana tsaka ya nemi kuɗin da ba a yi yarjejeniya a kansu ba? Ina kuɗin tikitin da aka sayar tun watannin baya? Wa ke rubuta abin da ake jefawa cikin jakar? Bayanin da masu taron suka bayar shi ne sun yi magana ta baki da otal cewa za su riƙa biya kaɗan-kaɗan daga cinikin tikiti a bakin ƙofa. Matsalar ita ce otal da abin da ke rubuce a takarda yake aiki, kuma cinikin ƙofar da suka dogara a kansa bai zo ba.

Washegari abin ya ƙara lalacewa. Manyan baƙin taron su ne masu shirin sauti na intanet mai suna Welcome to Night Vale, kuma mutane da dama saboda su suka yi tafiyar. Bayan jama'a sun daɗe a zaune suna jira, sai aka sanar cewa ba za su hau dandamali ba, domin ba a biya su kuɗin wasa da na tafiya ba. Wasu baƙin da aka gayyata kuma suka tarar ba a biya kuɗin ɗakunan kwanansu ba. Waɗanda suka biya ƙarin kuɗi don samun kujera a wasan da aka soke, a cikin abin da aka ba su na ban haƙuri har da ƙarin awa ɗaya a cikin kududdufin ƙwallayen nan. Wannan ne ya ƙarasa taron. Kafin gari ya waye hoton ya zagaye Tumblr da Twitter.

Damfara ce ko rashin iya aiki?

Har yau ana wannan gardama. Masu cewa damfara ce suna kafa hujja da yadda aka karɓi tsabar kuɗi babu rasit, da yadda aka ɗora wa otal laifi don a motsa zukatan yara. Masu cewa rashin ƙwarewa ne suna nuna cewa ɗan damfara ba ya kama otal, ya tsaya a gaban jama'a kwana uku ana zaginsa. Ni dai na fi karkata ga na biyun. Amma ga wanda ya biya tikiti, ya biya kuɗin jirgi da na masauki, asarar duk ɗaya ce.

Ni da nake rubuta manhaja, kuskuren da na fi gani ƙarara shi ne na lissafi. A Tumblr, danna alamar so ko sake yaɗa rubutu kyauta ne, daƙiƙa ɗaya ya ishe ka. Zuwa taro kuwa sai ka nemi hutu, ka sayi tikiti, ka kama ɗaki. Wanda ya ɗauki adadin farko ya gina kasafin kuɗinsa a kai ya yi gini a kan rairayi. Na taɓa shiga cikin masu shirya wani ɗan zama na masu koyon rubuta manhaja, muka buɗe fom na rajista kyauta, ya cika maƙil cikin kwana biyu. Ranar zaman ko rabin kujerun ba a zauna ba. Mu kuɗin lemo da hayar kujeru kawai muka yi asara. Su DashCon otal guda suka ɗauka.

Akwai kuma yadda irin waɗannan otal-otal ke ciniki. Yawanci sukan rage wa mai taro kuɗin zaure bisa sharaɗin cewa mahalartansa za su kama adadin ɗakuna kaza. Idan ɗakunan ba su cika ba, shi zai cike giɓin. Ke nan ƙarancin mutane na cizonsa ta fuska biyu: cinikin tikiti ya ragu, bashin otal ya ƙaru.

Ba su kaɗai ba ne

A 2018 an shirya Universal FanCon a birnin Baltimore, bayan an tara sama da dala 56,000 a Kickstarter. Saura mako guda a buɗe, aka ɗage shi. A lokacin masu zane da 'yan kasuwa sun riga sun biya kuɗin rumfa, sun buga kayan sayarwa, sun sayi tikitin jirgi.

Sai ka kwatanta da Comiket na birnin Tokiyo. An fara shi a Disambar 1975 da ƙungiyoyin masu zane 32 da mahalarta kimanin 700. A Disambar 2019 ya karɓi mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Shekaru arba'in da huɗu ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu. DashCon kuwa ya so ya fara da dubbai tun a karon farko.

Kafin ka tura kuɗinka

Masoya anime na ƙaruwa a wajenmu, kuma sayar da tikiti ta intanet ya zama abu mai sauƙi, shafi mai kyau ana iya haɗa shi a yini ɗaya. Don haka kyan shafi ba hujja ba ne. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duba ko masu taron sun taɓa shirya wani abu makamancinsa, ko da ƙarami ne. Leƙa shafin baƙon da aka ce zai zo, ka ga ko shi da kansa ya sanar. Kira wurin da za a yi taron ka tambaya ko an kama ranar. Nemi ƙa'idar mayar da kuɗi a rubuce, ka ɗauki hotonta ka ajiye. Idan kuma kana tsakar taro aka miƙo jaka ana neman agajin gaggawa, tambayi wa ke rubutawa kafin ka sa hannu a aljihu.

Idan kai ne mai shiryawa, ƙirga tikitin da aka biya kuɗinsu kawai, ka kama wurin da waɗannan kuɗin za su iya biya tun kafin ranar.

A 2025 wasu matasa daban, waɗanda ba su da alaƙa da masu shirya na farko, sun yi DashCon 2 a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Yini ɗaya suka yi, suka ƙayyade tikiti ga mutum 'yan ɗaruruwa, suka kama wuri daidai ƙarfinsu. Sun kuma ajiye kududdufin ƙwallaye, amma wannan karon da gangan, don a yi dariya.