Abin da ke kashe batir tun kwanansa bai ƙare ba

Babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ke fitowa daga Katsina, a Gazawa yake rabuwa, reshe guda ya nufi Maradi, guda ya nufi Damagaram. Duk da haka ƙauyuka da dama na wannan gunduma, da na Agye da Gidan Rumji, sai dai su hangi wayoyin daga nesa. Abin da ke ba su haske da dare, ya cika musu salula, shi ne faifan sola a bisa rufi da batir a ƙuryar ɗaki. Mutanen birni ma sun ɗanɗana wannan rayuwa a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Duk inda aka zauna zancen sola, kukan ɗaya ne: batir bai yi shekara ba ya kumbura, ko ya daina riƙe wuta. Sai a ce jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, babu musu. Amma batura da yawa lafiyayyu aka sayo su, caji mara linzami ne ya kashe su.

Masu jiragen ruwa sun daɗe da sanin wannan ciwo. Tsofaffin injunan da ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale, da yawansu an ƙera su da abin da ke samar da wuta da abin da ke miƙar da ita zuwa batir, amma babu regilata, wato abin da zai ce mata ta isa haka. Muddin batir na da yunwa, shi ke danne ƙarfin wutar. Da zarar ya cika, inji kuma yana gudu, sai ƙarfin ya yi ta hawa har bolt 16 ko fiye. Manyan batura na da, masu murfi, suna jurewa, saboda mai jirgi yana buɗewa ya ƙara ruwa. Rufaffun batura na yanzu ba su da wannan haƙuri. A yankinmu ba injin jirgi ne ke yin ɓarnar ba, Gulbin Maradi da Gulbin Kaba ba su riƙe ruwan da zai ɗauki irin wannan inji. Faifan sola da aka jona kai tsaye da batir, da babur ɗin da regilatarsa ta lalace, su ke yin aikin.

Ga yadda abin yake. Batir mai dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, idan na bolt 12 ne yana da ɗakuna shida a cikinsa, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1. Idan ya cika ya huta, mita za ta nuna wajen 12.6 ko 12.7. Cajin da yake so yana tsakanin 13.8 da 14.4. Shi kuwa faifan da aka rubuta wa bolt 12, ba 12 yake fitarwa ba: a tsakar rana, in ba a jona masa komai ba, yana kai 21 ko 22, yana aiki kuma a wajen 17 zuwa 18. An yi shi haka da gangan don ya iya tura wuta ko da gajimare ko zafi sun rage masa ƙarfi, bisa sharaɗin akwai regilata a tsakani.

Tulu in ya cika sai ya zubar, mai ɗiba ya gani ya janye. Batir ba ya zubarwa. Wutar da ta yi masa yawa tana komawa kan ruwan cikinsa, ta raba shi gida biyu, iskar haidirojin da ta oksijin. Ka kai kunne kusa, za ka ji yana tafarfasa a hankali. Ka taɓa gefensa, za ka ji ɗumi. Ruwan ya yi ta raguwa har kan farantan dalma ya fito fili, su bushe, su lalace. Idan rufaffe ne, iskar ta tura bangonsa ya yi ciki, kuma ruwan da ya tafi ya tafi ke nan. Wani lokaci har warin ruɓaɓɓen ƙwai ake ji, wannan kuwa iska ce mai guba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haidirojin. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri tana iya kamawa. Ɗan tartsatsin da ke tashi idan aka cire waya daga kan batir ya isa. Ka tuna inda muke ajiye baturan nan: ƙarƙashin gado, cikin ɗakin da yara ke kwana, ko cikin ƙaramar rumfar mai cajin salula da aka rufe da kwano ta ko'ina. Batir in ya fashe, asid yake watsawa, kuma fuska da ido yake fara samu.

Zafin ƙasarmu yana ƙara dagula lissafin. Alƙaluman nan na caji an tsara su ne a kan zafin digiri 25. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a jahar Maradi, batir yana fara tafasa tun bai kai 14.4 ba, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba tsawon ransa biyu. Regilata mai kyau tana rage ƙarfin caji da kanta idan wuri ya yi zafi.

Babur ma yana ba da alama kafin ya yi ɓarna. Idan ƙwan fitila yana yawan ƙonewa, ko haskensa yana tashi sosai in an murza, a kai wa mai gyara ya ɗora mita a kan batir inji na gudu. In ta wuce 15, regilata ce ta mutu, sabon batir ba zai yi magani ba. Kada kuma a cire batir inji na aiki, domin wutar da ta rasa inda za ta shiga tana ƙone kayan cikin injin.

Batir mai murfi a riƙa duba ruwansa, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ba na rijiya ba, ba asid ba. A ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da taba. Idan asid ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a nufi likita. Batirin da ya mutu kuma kada a fasa shi a gida don ciro dalma: a Caroy, a gefen Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalmar batura da ake fasawa a unguwarsu.

Ƙaramar regilata ba ta kai kuɗin batir ba, ko kusa. Ina roƙon masu sayar da faifan sola a kasuwannin Cadawa, Tibiri da Gazawa kada su bar mai saye ya tafi da faifai da batir babu ita, su kuma masu haɗawa su ƙi jona waya kai tsaye ko da mai gida ya matsa.