Sanguine: Kalmar Kyautata Zato da Ta Samo Asali daga Jini

Mai karanta jaridun Turanci, musamman shafukan tattalin arziki, ba zai rasa cin karo da kalmar "sanguine" ba. Ana furta ta "sangwin". In aka siffanta minista da ita kan batun farashin kaya, ana nufin hankalinsa a kwance yake, yana kyautata zaton lamura za su daidaita ko da alamu ba su nuna haka ba. Sau da yawa akwai ɗan habaici a ciki, wato kyakkyawan zaton nasa ya so ya wuce gona da iri.

Asalinta kalmar Latin ce, "sanguis", ma'ana jini, kuma ta hanyar Faransanci ta shiga Turanci. To me ya haɗa jini da fata nagari? Tsohon ilimin likitancin Girka ne. Tun daga zamanin Abuƙarat har zuwa Jalinus a ƙarni na 2, an ɗauka ruwa huɗu ke tafiyar da jikin mutum da halinsa: jini, majina, ruwan matsarmama mai launin ɗorawa da kuma baƙi. Wanda jini ya rinjaya a jikinsa, in ji su, shi ne mai jajayen kumatu, mai fara'a, mai son jama'a, wanda damuwa ba ta kwana a ransa.

Wanda ya leƙa littattafan ɗibbu na Larabci ya san wannan rabon. Ibn Sina ya yi bayaninsa a Al-Ƙanun, wanda ya kammala a 1025, kuma a can mai wannan ɗabi'a shi ne damawi, sauran su ne balgami, safarawi da saudawi. Likitancin zamani ya daɗe da watsar da ra'ayin, amma kalmar ta ƙi mutuwa. Mu ma dai mukan jingina hali ga jini, ga farin jini ga baƙin jini, sai dai farin jini yadda mutane ke kallonka ne, ita kuwa "sanguine" yadda kake kallon gobe ce.

Masu zane kuma suna kiran wani jan alli da sunan "sanguine".

Ɗalibai su yi hattara da 'yar'uwarta "sanguinary". Tushensu ɗaya, amma ita ma'anarta abin da ya ƙunshi zubar da jini, kamar ƙazamin yaƙi. Kada garin yabon malami a kira shi mai kisa.