Kada Ku Yi wa Ɗanyen Bango Fenti

Shiga kowace sabuwar unguwa a gefen Kano, Zariya ko Maraɗi, ka dubi bangayen gidajen da ba su shekara da tarewa ba. Daga ƙasa zuwa kwankwason mutum fenti ya kumbura, ya yi ƙuraje, yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Masu gida sai su ce jabun fenti aka sayar musu. Wani lokacin haka ne. Amma galibi ɗanyen filasta aka shafa wa fenti, kuma abin ya zama ruwan dare tun da mutane suka koma auna aikin gini da ranar ɗaurin aure ko ranar Sallah.

Bara aka yi mana haka a gidan da ƙanwata za ta tare. Birkila ya gama filasta ran Laraba, ya ce wa angon: "Alhaji, a yi masa ban ruwa mako guda, sannan a bar shi ya sha iska wata ɗaya." Angon ya yi dariya, ya ce nan da kwana tara 'yan jere za su zo. Mai fenti kuwa, da yake kuɗin aikinsa yake hange, ya shafa tafin hannu a bango ya ce ai ya bushe ƙayau. Bayan wata uku aka janye kujera za a yi shara, sai ga bayanta baƙi ƙirin da fumfuna, labule na warin ruma, wani farin gari kamar kanwa ya feso ta cikin fentin. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Tafin hannu ba ya gaya maka gaskiyar bango. Buhun siminti mai kilo 50 yakan sha ruwa kamar jarka guda mai lita 25 wajen kwaɓi, ga na jiƙa bulo, ga na ban ruwa. Kaɗan daga ruwan nan siminti ke riƙewa ya yi tauri, sauran dole ya fita, kuma ta fuskar bango yake fita. Injiniyoyi ma sai a kwana 28 suke auna ƙarfin siminti. Idan ka rufe hanyar da fenti, ruwan zai tura shi waje, ya taho da gishirin cikin yashi da bulo. Ga shi sabon siminti yana da kaifi irin na sodar sabulu, shi ya sa yake tsattsage hannun leburori. Idan ya haɗu da fentin mai, sai ya narkar da man, bango ya riƙa danƙo, launin ya dafe.

Hunturu ya fi yaudara. Iska takan busar da saman filasta cikin yini biyu, ciki kuwa jagab. Da damina, musamman watan Agusta, wata ɗayan ma ba lallai ya isa ba.

Da asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa laima da fumfuna a cikin ɗaki suna da alaƙa da tari, asma da ciwon numfashi. A irin wannan ɗakin muke ajiye amarya, a nan kuma za ta yi jego, taga a rufe saboda sauro.

Ni masu fenti na fi ganin laifinsu, domin sun san duk wannan. Mai gida jahilci ne ya kai shi, su kuwa shiru suka yi don sun san za a sake kiransu.

In kana shakka, jira launin filasta ya tashi daga duhu ya koma fari-fari ko'ina, har kusurwoyi da ƙasan taga. Sannan ka samu leda mai faɗin kamu biyu, ka manna ta a bango da salatif, ka rufe gefe huɗun, ka bar ta kwana guda. In ka tarar da gumi a cikinta da safe, mayar da bokitin fenti ka ajiye. In kuwa ranar biki ta matsa, a shafa farar ƙasa, wadda ba ta toshe numfashin bango, a rataya labule, a yi jere. Gidan ƙanwar tawa yanzu kankare bango ake yi, kayan ɗakinta suna jibge a tsakar gida an lulluɓe da tamfol.