Madugu Uban Tafiya: Yadda Ake Shirin Ratsa Tenere

A nan Kontagora, da zarar hunturu ya kama busawa sai ka ga kowa ya duƙunƙune a bakin wuta yana kukan sanyi. Amma mai karatu ya sani, a daidai wannan lokaci akwai waɗansu bayin Allah can arewa da Damagaram da ke tsakiyar rairayi, ba inuwa ba rijiya, suna janye da raƙuma domin su ɗauko gishirin nan da muke kira balma, wanda makiyaya ke saya wa dabbobinsu. Su ne Abzinawan duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar. Wanda ke gaban ayarinsu kuwa, ko da Buzanci, sunansa madugu, kamar dai yadda kakanninmu fataken Gwanja ke kiran nasu shugaban.

Ayarin yakan tashi a watan Oktoba ko Nuwamba, amma aikin madugu tun da damina yake somawa. Raƙumin da bai ƙoshi da ɗanyar ciyawa ba, ba shi da abin da zai kai shi Balma, garin da ke fiye da kilomita 500 gabas da Agadas. Saboda haka sai a bar raƙuma su huta su yi tozo. Ana nan ana tukar igiya da kabar goruba, ana gyaran salkuna, mata kuma suna dakan gero da cuku da dabino, abin da za a riƙa damawa a sha ana cikin tafiya, don ayari ba ya tsayawa da rana.

Babban aikin dai shi ne yankan ciyawa. Tenere ba ta da abin da dabba za ta ci, Balma ma haka, don haka kowane raƙumi da guzurinsa yake tashi. Mutane sukan yi kwana da kwanaki suna yanka suna ɗaure dammuna. To, ga inda gwanintar madugu take: ba a kai ciyawar nan duka Balma. A kan hanyar zuwa ake sauke waɗansu dammuna a bar su a fili, domin ranar komowa, sa'ad da raƙuma suka rame, ga kuma nauyin kantu a bayansu. In madugu ya kuskure wurin da ya ajiye su, to, ya kashe dabbobin mutane. Ba shi kuwa da wata alama sai rana da inuwa da taurari, irin su kaza da 'ya'yanta, sai kuma dutsen Adrar Madet in ya hango shi. A da akwai wata bishiya guda tilo kusa da wata rijiya, wadda ayari ke nufa, har Turawa suka sa ta a taswira. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, aka kwashe gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai.

Wannan dabara ta ajiye guzurin komowa ba a Sahara kaɗai ta raba rai da mutuwa ba. Can a ƙurewar kudancin duniya akwai nahiyar Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe. A 1911 mutum biyu suka yi tseren isa tsakiyarta. Amundsen, mutumin Norwe, ya ɓata watanni yana kafa rumbunan abinci a kan hanya, kowane rumbu kuma ya jera masa tutoci dama da hauni don kada ya wuce shi cikin hazo. Ya isa ran 14 ga Disamba, ya komo da mutanensa lafiya. Kyaftin Scott na Ingila ya isa bayansa, amma a watan Maris na 1912 ya mutu cikin tanti, saura mil 11 kacal ya kai ga babban rumbunsa. Har yanzu jagororin da ke kai mutane kan Dutsen Vinson, mafi tsawo a nahiyar, mai mita 4,892, daga Nuwamba zuwa Janairu kaɗai suke aiki, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can, kuma su ma sukan hau da kaya su ajiye a zangon gaba kafin su ƙaura.

A ganina madugun Azbin bai gaza su da kome ba, illa dai shi ba a buga sunansa a jarida. Sana'ar tasa kuwa ta sha wuya. Farin 1973 da na 1984 sun hallaka raƙuma masu ɗimbin yawa, manyan motoci kuma sun karɓe wani kaso na cinikin, har ayarin da a farkon ƙarnin da ya wuce ake ƙirga raƙumansa da dubbai ya koma ɗan kaɗan.

Hamada ita ba ta sake hali ba. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, ɗauke da talakawa masu neman abinci, galibinsu daga yankin Kance ta ƙasar Damagaram. Ba wanda ya ajiye musu ruwa a hanya. Da masu ceto suka isa, gawa 92 suka ƙirga, mafi yawansu mata da yara.