Tarfas: Abincin Hamada da Maganar Maganin Ido

Duk wanda ya saba bin hanyar Arlit zuwa Assamaka har cikin Aljeriya, ba mamaki ya taɓa jin labarin tarfas. Larabawa na ce masa kam'a. Ɗan uwan naman kaza ne, sai dai shi a cikin rairayi yake girma, kamanninsa kamar dankali, ba ganye ba saiwa. Yana rayuwa manne da saiwar wani ɗan tsiro mai suna Helianthemum. Idan ruwa ya sauka a arewacin Sahara cikin Oktoba da Nuwamba, to daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙasa takan tsage a kansa, makiyaya su tone shi.

Tarfas abinci ne mai gina jiki. Idan ya bushe, wajen kashi 20 cikin 100 nasa furotin ne. Yana kuma ɗauke da sinadaran fenol masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa.

Maganar maganinsa ta daɗe. Ya zo cikin Sahihul Bukhari cewa ruwansa waraka ne ga ido. A shekarar 2004, masana a ƙasar Jodan sun jarraba ruwan nau'in Terfezia claveryi a ɗakin gwaji, suka ga yana hana ƙwayar cutar Staphylococcus aureus yaɗuwa. Ita ce ƙwayar da ke yawan kawo maruru. Amma a lura: a cikin kwano aka yi gwajin, da ruwa tatacce. Wanda aka matse a gida yana iya zuwa da rairayi da ƙazanta, ya ƙara wa ido ciwo. Yaron da idonsa ya yi ja ko yake ruwa, a gaggauta kai shi likita, domin amodari na makantarwa idan aka yi sakaci, alhali yana da magani.

Wani gargaɗin namu ne na musamman. Dangin naman kaza suna zuƙe ƙarafa masu guba daga ƙasar da suka tsiro. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ma'adinin Akokan kuma ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Saboda haka kada a tono abin ci kusa da tudun sharar ma'adinai.

Wanda ya samu tarfas, ya wanke shi sarai, ya dafa shi ya nuna, sannan ya ci. Allah ya ƙara mana lafiya.