Asalin Koren Gansakuka

Duk wanda ya bi ta gefen babbar magudanar ruwa ta Makera da rani, wadda ke kwashe ruwan unguwa da na masana'antu ta zuba a Kogin Kaduna, zai ga gansakuka ta lulluɓe bakin ruwan, koriya shar, ga santsi. Yawancin mutane toshe hanci suke yi su wuce. Amma in aka ɗebi ɗigo ɗaya aka duba da madubin likita, sai a ga ƙwayoyin halitta a jere, kowace da wani koren abu a cikinta. Sunansa kuloroflas. Shi ke sarrafa ruwa da iska da hasken rana su zama sukari, kuma shi ne a ganyen alayyahu da masarar fadama.

Masana sun gano cewa asalinsa baƙo ne. Fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce, wata ƙwayar halitta ta haɗiye wata bakteriya mai suna sayanobakteriya, wadda ta iya cin moriyar rana. Maimakon ta narke, sai ta zauna. Ita tana ba da abinci, mai gida yana ba da mafaka, har baƙo ya zama ɗan gida.

Wani masani ɗan Rasha, Konstantin Mereschkowski, ya faɗi haka tun 1905, aka yi watsi da maganarsa. Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da ita a 1967, bayan mujallu da dama sun ƙi buga takardarta. A ganina hujjojin sun fi ƙarfin gardama: kuloroflas yana da DNA nasa, a zagaye irin na bakteriya, kuma ƙwaya ba ta iya ƙera sabo, sai tsohon ya rabu biyu.

Haɗiyar ba sau ɗaya aka yi ba. Daga baya wasu halittun sun haɗiye gansakukar ɗungurungum, shi ya sa kuloroflas ɗinsu ke da fata uku ko huɗu maimakon biyu. Har ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana cikin wannan zuri'a. A 1996 aka tabbatar tana ɗauke da ragowar kuloroflas wanda ya daina aiki da rana, amma ba ta rayuwa sai da shi. Wannan ragowar ce maganin doxycycline ke kai wa hari.